Shekarar da Na Bar Jan Baƙi

Na san abin da kuke faɗa game da Gwaggo Kulu, don duk cikinku babu wanda ya iya rage murya, Innarku kuka gado. Kuna cewa wata tsohuwa ce ta taso daga Kuberi ta lalata wa babanku baki, ta raba shi da abin da ya fi so a duniya. Kai Bashiru, da ta rasu cewa ka yi aiki ya riƙe ka. Na san irin aikin. Tun daga lokacin babu wanda ya sake taka Kuberi a cikinku, ko biki ko mutuwa, mutanen can kuwa ba makafi ba ne duka. Sa'ad da abin ya faru kuna makaranta. Abin da kuka sani daga bakin Innarku kuka ji shi, ita kuma tana tsakar gida, ba ta cikin ɗakin. Ni nake ciki, bakin kuma nawa ne, saboda haka ku bari in gaya muku yadda aka yi.

Sana'ata kun san ta, rumfar buhuna a kasuwar Jega, inda manoman albasa na Aliero da Danwarai suke zuwa su ɗiba idan amfani ya zo. Ita ta ciyar da mu ta kai ku makaranta, amma ba ita nake ji da ita ba. Abin da nake ji da shi jan baƙi ne. Duk azumi, bayan la'asar, a masallacin unguwarmu, ni nake zama gefen Malam in karanta aya, shi ya fassara wa jama'a, in ja ta gaba. Tun gemuna yana baƙi wuluk nake wannan zama. Ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba, ina da murya, kuma na san ina da ita. Mata sukan shimfiɗa tabarmi a bayan katanga, direbobin tasha su bar lodi su zo su raɓe a bakin taga. Sauran watannin shekara ni mai buhu ne kamar kowane mai buhu, ina ciniki ina jiran wata ya kama.

Abin da ya cinye mini dasashi ba wata cuta ba ce ta zo daga waje, hannuna ne. Asuwaki ba ya barin aljihuna. Kafin kowace salla, kafin karatu, bayan goro, sai na dirza, kuma mai tauri nake so, ina dirzawa kamar mai wanke tukunya. Innarku ta sha yi mini tsiya, wai wata rana zan goge haƙoran su ƙare in huta. Ina dariya, naman kuwa yana ta janyewa daga haƙoran gaba na ƙasa, har gindinsu ya fito fili, ruwan randa ya zama mini azaba. Ban damu ba sai ranar da nake bitar karatu a rumfa na ji ɗaya ya motsa a ƙarƙashin harshena. Duk mai karatu ya san a bayan waɗannan haƙoran harshe yake tsayawa ya fitar da haruffan sin da sadi da zayi, idan babu su iska ce kawai take wucewa.

A Sakkwato na ga likitar haƙori, wata mace mai ƙaramin jiki wadda ba ta ɓata magana. Ta ce ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya fara tafiya, amma idan aka yanko nama daga ganɗata, wato saman bakina, aka dasa a wurin da ya zaizaye, ya kama, haƙoran za su tsaya shekaru. Da ta ji daga inda na fito sai ta ce in ɗauke shi kamar dashen albasa, wanda ya dasa ya dawo yana tugewa yana duba ko ya yi saiwa, shi ya kashe abinsa. Na zaɓi watan Rajab don in warke kafin azumi. Aka yi aikin, aka ɗinke, aka rufe ganɗar da wata 'yar roba. Sannan ta jera mini dokoki tana kallon Innarku, don ta gane wace ce za ta tsare su. Kada a ja leɓe a duba, ko ni kaina a madubi. Kada yatsa ya je wurin, kada harshe. Ba abu mai zafi, ba mai tauri, ba goro, ba asuwaki, magana kuma sai dole. Ta ce mako biyu na farko su ne komai.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Haɓata ta kumbura har leɓen ya yi nauyi, ganɗar tana raɗaɗi kamar na kurɓi tafasasshen kunu. Abincina fura mai ruwa-ruwa, da kunun da ya huce har ya yi fata a sama, da ayabar da aka murje da cokali. Rashin goro ya sa mini ciwon kai da baƙin rai, har kaza ta wuce ta ƙofar ɗaki sai in ji ta ba ni haushi. Alwala ma sai da dabara, in ɗiga ruwa a baki in karkata kai ya zuba da kansa. Da yamma iska takan kawo ƙanshin tsire daga bakin titi, in juya in fuskanci bango. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan shirun. Mutumin da ya saba tashi da karatu ya kwanta da karatu, ga shi yana bin layi da ido kamar kurma. Nakan ji ayar ta taso mini har maƙogwaro in haɗiye ta. Gidan ya yi tsit, Innarku ma ta rage faɗa, abin da ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba.

Sai masu dubiya. Kun san ƙasar nan, ba a dubiya daga bakin ƙofa. Sai an shigo an zauna, an tambayi jiki, an tambayi kwana, an tambayi iyali, mara lafiya ya amsa kowanne, sannan a ce to mu ga wurin. Kowa kuma da maganinsa a aljihu. Wannan ya ce jar kanwa, wancan ya ce bagaruwa, wani abokin cinikina daga Aliero, ɗan gidan masu ɗori, ya rantse cewa duk abin da aka ɗinka a jikin ɗan Adam in ba a gasa shi da ruwan zafi ba aikin banza ne. Innarku ta ga abin zai fi ƙarfinmu, sai ta tsaya a bayan labulen zaure tana amsa gaisuwa tana cewa likita ta hana ganina. Ta sha baƙar magana a kan haka, ta shanye. Dabarar ta yi aiki, amma ta haifi abin da ba mu zata ba. Tunda babu wanda ya gan ni, babu wanda ya ji muryata, sai gari ya cike gurbin da kansa. A kasuwa aka ce ciwon daji ne. Kafin labarin ya kai tashar Maiyama an riga an yanke mini harshe.

A haka ya isa kunnen Gwaggo Kulu. Ku kun san ta tsohuwa makauniya mai yawan tambaya, ba ku san wace ce ita a wurina ba. Yayar mahaifina ce. Mahaifiyata ta rasu ban gama shan nono ba, Gwaggo ta ɗauke ni ta haɗa da ɗanta Manu ta goya mu kusan tare. Da cinikin daddawa ta kai ni makarantar allo, kuma duk ranar da aka wanke mini allo sai ta sa na karanta mata a bakin murhu, ita da ba ta san alif ba. Da idonta ya tafi, yatsunta suka zama idonta. Ba ta yarda ta ga mutum ba sai ta shafa fuskarsa. Innarku ta kira Manu a waya ta yi masa bayani, Gwaggo ta ce in harshen yana nan a ba ni in yi magana. Na karɓa na gaishe ta, da kumburarren baki da roba a ganɗa. Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Ta ce wannan ba Sahabi ba ne, an ɗauko wani ne a yaudare ta. Daga ranar ta daina cin abinci.

Da hantsi suka iso, kwanaki kaɗan bayan aikin, lokacin da naman bai san ko zai zauna ko zai tafi ba. Manu ya ɗaure ta a bayansa da zani a kan babur, tun daga Kuberi, don ba ta da ƙarfin riƙe shi. Ina kwance na ji Innarku a tsakar gida tana lallashi, tana cewa likita ta hana, ko shi kansa bai ga wurin ba. Sai na ji muryar Gwaggo, ta dushe amma ba ta lanƙwasa ba.

“Ni ba wurin likita niz zaka ba. Wurin ɗana niz zaka.”

Aka shigo da ita aka zaunar a bakin katifata. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta rame, leɓunanta sun bushe sun tsage, kanta yana rawa. Ta lalubo gwiwata, ta hau ƙirjina, ta kai fuska.

“Sahabi, kai na?”

“Ni na, Gwaggo.”

“Wagga ba muryakka ba ta. Sun ce an yanke ma halshe. Buɗe in gani.”

Innarku tana tsaye a bakin ƙofa, ta buɗe baki za ta yi magana. Ni na ce ta je ta damo wa Gwaggo fura. Ku riƙe wannan da kyau, ni na ce ta fita. Ta dube ni, ta gane, ta ce a hankali, “Malam, azumi hwa na tahe.” Na ce na sani. Ta saki labule ta tafi.

Nufina in yi dabara. Na kama hannun Gwaggo na zaro harshe na ɗora mata yatsa ɗaya a kai, don ta ji yana nan shi ke nan. Ta ji, ta yi hamdala, hawaye ya zubo daga idanun nan da ba sa gani. Da a nan aka tsaya da yau ba na wannan rubutu. Amma a wajen janye hannu yatsanta ya gogi bakin zare. Ta tsaya cak. Ta tambaya mene ne wannan, na ce ɗinki ne, ba komai. Ta kai ɗaya hannun ta kama leɓena za ta ja. Na riƙe mata wuyan hannu. Bai fi karan dawa ba a tafina, babu wani ƙarfi da take da shi da zai ƙwace. Na tuna maganar likita kalma bayan kalma, na tuna kujerata a gefen Malam. Ita kuwa ba ta yi kokawa ba, ta dai ɗago fuska wajen da take jin numfashina.

“Har ni?” ta ce.

Na sake ta. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma fin ƙarfina aka yi ba. Matar da ta tauna abinci ta sa mini a wannan bakin ce take tambaya ko har ita, ni kuma ban sami amsar da zan iya rayuwa da ita ba. Ta ja leɓen ƙasa, ta bi ɗinkin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ta ɗora babban yatsa ta danna tana murzawa tana tofi, kamar yadda take yi mana muna fitar da haƙori. Na ji wani abu ya zame a ƙarƙashin yatsanta. Ɗanɗanon jini ya cika mini baki, na haɗiye don kada ta ji. Da Innarku ta kawo furar, Gwaggo ta shanye kwanon tas ta nemi ƙari, ta kwanta a tabarma ta yi barci har azahar. Da yamma Manu ya sake ɗaure ta a bayansa, tana ta sa albarka tana cewa yanzu ta gani, ta kuma yi abin da ya kamata.

Naman bai mutu a ranar ba, a hankali ya yi ta tafiya, wannan ne ya fi ciwo. Kowace safiya ina gaya wa kaina wataƙila ya tsira. Innarku ce ta fara jin warin, na ga tana kau da kai idan ta miƙo mini kofi. Wata safiya na karkata kai ruwan magani ya zuba a kwano, sai ga shi ya biyo ruwan, ɗan yanki mai launin toka, bai kai farce ba. Na naɗe shi a tsumma na binne a gindin katanga, yadda ake yi wa gashi da farce. Likitar ta duba, ta tambaya ko an taɓa, na ce an taɓa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin daɗi. Ta ce ba a sake yankar ganɗa sai ta warke sarai, wurin kuma ya riga ya yi ruwa, ƙashin da ya rage yana tafiya. Kafin watan Sha'aban ya ƙare ta cire haƙora biyu, ta ce sauran biyun ma kada in sa rai.

Ranar farko ta azumi na sa farar rigata na je na zauna gefen Malam, don ina da taurin kai. Na yi basmala, kafin in kai ƙarshenta fito ya fita daga bakina ya shiga lasifika ya zaga unguwa. Babu wanda ya yi dariya. Wani dattijo a sahun gaba ya sunkuyar da kai, Malam ya kafa ido a littafinsa. Na ja karatun ranar har ƙarshe, ina jin kowane harafi yana zubewa ta gurbin. Da aka tashi na ce wa Malam ya nemi wani. Ya ce jama'a za su saba, na ce ni ba zan saba ba, kuma ba zan zauna gaban mutane ina karya haruffan da na yi shekaru ina gyara wa wasu ba. Aka ɗora Nura, wanda a hannuna ya koyi fitar da harafi, kuma ya iya, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Na koma cikin sahu, daga nan na koma baya kusa da takalma, daga baya sai in tsaya a rumfa in ce ciniki ne. Haƙoran roba da kuka matsa aka yi mini suna da kyau a hoto da wurin ɗaurin aure, amma da na ja numfashi zan yi karatu sai su motsa su yi ƙara. Har yau idan la'asar ta yi a watan azumi ƙirjina yakan yi nauyi, ban warke daga wannan ba, kada wani ya ce muku na warke.

Innarku ta yi fushi da ni fushin da ban taɓa gani ba, kuma tana da gaskiya, ita ta tsaya a bayan labule ta sha zagi saboda bakin nan. Abin da ta gaya muku cikin zafi ta faɗe shi. Tana nan da ranta, ku tambaye ta wa ya ce ta fita. Manu kuwa ya san komai, ni na roƙe shi kada Gwaggo ta ji abin da hannunta ya jawo, ya riƙe mini amana har yau, yana ji kuna ƙin gaishe shi a taro bai taɓa buɗe baki ba. Ya tsufa, gidansa yana nan inda kuka san shi. In kuna neman wanda za ku yi fushi da shi ga ni, amma ku je ku gaishe da mutumin nan tun yana gane muryarku.

Da, Gwaggo takan sa a kawo ta Jega a goman ƙarshe ta zauna a bayan katanga ta saurare ni. A shekarar Manu ya yi ta kawo mata dalilai har azumi ya wuce. Shekarar da ta biyo baya ba ta iya tashi ba, aka aiko mini na tafi Kuberi. Na same ta kwance a ɗakinta, ta ƙanƙance har ba ta cika tabarma ba. Muka gaisa, ina taƙaita magana ina rufe baki da gefen rawani, kamar tana gani. Sai ta ce in yi mata karatu, ta daɗe ba ta ji ba. Na ce maƙogwarona ba daɗi. Ta ce ko kaɗan ne. Na duba Manu, ya kau da kai ya fita. Na gyara zama na fara. Ban gama aya ta biyu ba ta ɗaga hannu.

“Wa at taɓa ma baki?”

Na ce aikin ne bai kama ba, likita ta cire haƙoran. Ta juya maganar a ranta. Sannan ta yi tsaki mara ƙarfi, irin wanda take yi idan muka dawo gida da rauni muna yara.

“Ka gani ko? Da wurina kaz zaka tun hwarko, da ba su ɓata ka ba.”

“Hakanan na, Gwaggo,” na ce.

Ta lalubo gwiwata ta ɗora hannu, ta ce in ci gaba. Na ci gaba da bakin da nake da shi, ina karantawa iska tana fita, har hannun ya yi nauyi ta yi barci.